Hannun Marini da Farar Hula

Shekara talatin da wani abu ramina na rini yana kusa da na Rabo a karofin Kurfi, kuma ban taɓa ganin ya tafka wauta irin ta kakar da ɗansa Hudu ya zo hutu ba. Ni sunana Labaran. Rabo taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗar wautarsa a ko'ina, ko a gaban alƙali ne.

Hudu shi ne autansa, shi kaɗai ne kuma namiji. Yana da shekara goma sha takwas ya jingine muciyar motsa rami, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa da shuɗin hannu ba. Ya hau motar gyaɗa zuwa Funtuwa ba sallama, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Ikko, babban birnin ƙasa a bakin teku. Bayan wata bakwai wasiƙa ta zo cewa ya shiga sojan ruwa. Mu a Kurfi babban ruwan da muka sani shi ne rafi in ya kawo da damina, shi ma kwana biyu ya janye. Me soja zai tsare a cikin ruwa? Aka rasa mai ba mu amsa, muka bar wa Allah.

Sai bayan shekara huɗu ya dawo, ana cikin yankan gero, a shekarar da ƙasa za ta cika shekara guda da samun 'yancin kai. Mutum biyu suka kama akwatin ƙarfensa suka sauke daga motar Ɗanmusa direba. Duk unguwa ta sa rai da tsaraba. Da aka buɗe, sai ga tufafi cike, kuma kowane na mai akwatin ne.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ninke kamar da wuƙa aka yanke gefensa. Ya ce haka suke jerawa in babba zai duba. Ni da Rabo da Inno uwar Hudu muka zauna muna kallo.

"Wannan na babbar rana ne," in ji Hudu, yana nuna wata farar riga mai faffaɗan shuɗin wuya da ke zubowa a baya, da farin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. "Fareti, ko zuwan babban baƙo, ko ɗaga tuta. Da shi ake ɗaura baƙin ƙyallen nan a wuya, da farar igiyar nan, da farin takalmi. Wannan gajeren wando da 'yar riga da doguwar safa na rana ne, in ba aikin datti. Mai dogon hannun nan sai rana ta faɗi, saboda sauro. Shuɗin nan na aiki ne, goge dandamalin jirgi da jan igiya. Wanda riga da wando ke haɗe, na shiga ɗakin inji ne ko shafa fenti. Baƙar nan mai santsi kuma, sai hadari ya taso a teku."

"Halan kowa shina sa wanda ya ga dama?" na tambaye shi.

"Ina fa, Baba Labaran. Kullum da safe ana busa usur a faɗi kayan ranar. In an ce gajeren wando ka fito da dogo, ranar kai da tukwanen jirgi ne har su yi ƙyalli."

Ya ce kowane kaya da lambarsa, ya shiga lissafo lambobin. Inno ba ta da lokacin lamba. Nan take ta raɗa musu suna, sunayen kuma suka bi gari kafin azahar. Fararen babbar rana ta ce Likkafani. Gajeren wando Ɗan Makaranta. Mai dogon hannu Maganin Sauro, shuɗin Lebura, haɗaɗɗen Buhu, baƙar rigar ruwa kuwa Jemage.

Rabo ya ɗauki Lebura ya juya shi, ya shinshina, ya ɗaga shi a rana. Ya ce wanda ya rina wannan ko dai yaro ne ko kuwa ana jiransa a wani wuri. Hudu ya yi dariya, ya bar shi ya yi ta juyawa. Daga nan idon Rabo ya kai kan hular da ke bisa Likkafani, wata 'yar kewayayya fara fat marar baki, da baƙin zare mai rubutun ruwan zinariya a gindinta. Ya miƙa hannu.

"Baba, hannunka."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Amma hannun Rabo ya tsaya cak a sama. Ya dube shi gaba da baya kamar yau ya fara ganinsa, shuɗi mai duhu daga farce har gwiwar hannu, irin nawa, irin na duk wanda ya tsufa a karofi. Ya mayar da shi bayansa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Gaskiyarka." Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci.

Ko da yake hutu ya zo, Hudu bai bar oda ba. Ba mai busa masa usur, amma sau huɗu yake sake kaya a yini. Da safe ya sa Lebura ya share ƙofar gida. Hantsi na yi ya fito da Ɗan Makaranta, gwiwoyi a waje, ƙato da gashin baki, tsofaffi na kawar da kai. Ranar da zai gyara wa Inno ƙofar rumbu sai da ya shiga Buhu tukuna. Matan unguwa suka daina duba inuwa, in sun hango shi cikin Maganin Sauro sai su ɗora tukunyar tuwo. Jemage kaɗai ya rasa rana, don damina ta riga ta yi sallama. Sau ɗaya wani ɗan gajimare ya gitta ya yi maza ya saka, ya tsaya a ƙofar gida yana zufa har gajimaren ya wuce Wurma.

Ana haka sai ga takarda daga wani hedimasta a Dutsin-Ma. Ya ji labarin akwai sojan ruwa a ƙasarmu. Ran ɗaya ga watan Oktoba za a yi bikin cikar shekara a filin makaranta, hakimi zai zo, manyan En'e, hukumar sarki, za su zo, ana so Hudu ya tsaya a gindin tuta ya sara lokacin da za a ɗaga ta. Saura kwana tara. Hudu ya ce wannan ranar Likkafani ce, ba tantama, da hula da komai.

To a gidansu Rabo akwai wata al'ada tun daga kakanmu Ɗanmaraya. Ɗa namiji ba ya fita gaban manya sai ubansa ya ɗora masa hula da hannu biyu ya sa masa albarka. Haka aka yi wa Rabo ranar da ya fara kai rawani gidan hakimi, ina wurin. Hudu kuwa ya gudu Ikko kai ba hula, ba wanda ya ɗora masa komai, abin kuma yana cin Rabo shekara huɗu ko da yake bai taɓa faɗi ba. Yanzu ga rana ta zo, ga hula, ga ɗa, ga uba. Matsalar ɗaya ce, an ce hannun uban ba zai taɓa hular ba.

Da safe na iske shi zaune nesa da raminsa, ya harɗe hannuwa.

"Taso ka motsa, ramin nan ya kusa nuna," na ce.

"Na bar rini sai bayan kwana tara. Wanke hannu za ni yi."

"Wanke mi?"

"Hannu. Sai ya yi hwari."

Na dube shi, na dubi sauran marina, na ga kowa ya saki muciya yana saurare. "Kai Rabo, shunin shekara arba'in za ka hidda cikin kwana tara? Kuma tun yaushe hannun marini ke zuba in ya bushe? Ka hi ni sani."

"Yadin gwamnati daban ne. Shina jan launi."

"Yaron ne ya hwaɗa maka haka?"

"Bai hwaɗa ba. Ni na gane."

Ba abin da ya gane. Ya san gaskiya sarai, ya dai gwammace ya ɗora laifin a kan yadi da ya yarda ɗansa kunyar hannunsa yake ji. Na ga haka a fuskarsa, shi ya sa na ɗauki muciyarsa na motsa masa ramin ina zaginsa a ciki.

Ya fara da lemun tsami da toka. Ya kashe rabin kwando, hannu ya yi ƙamshi, launi na nan. Kashegari ya tafi rafi da dutsen kaushi, ya yini yana gurza da yashi, mata masu wanki suna ba shi wuri suna ƙunshe dariya. Kafin kwana uku duk Kurfi ta zama likita. Wani ya ce jiƙaƙƙiyar tsamiya, wani ya ce kanwa, wani ya ce sabulun salo da ƙaiƙayi. Rabo bai raina shawarar kowa ba, duk wanda ya faɗa sai ya gwada. Ɗanmusa direba ya rantse da kananzir, ya ce shi ke fidda baƙin mai daga hannun makanikai. Rabo ya wanke da kananzir har gwiwa. Inno ta hana shi zuwa kusa da murhu, ta kuma ba shi ludayi ya ci tuwo da shi, don ta ce ba za ta tuƙa abinci ya koma warin fitila ba.

Ran kwana biyar Zinariya, wata mai tallar nono daga Wurma, ta ce a rugarsu in ƙwarya ta yi baƙi nono mai tsami ake kwana da shi a ciki ta yi haske. Rabo ya ce hannu ai bai fi ƙwarya taurin kai ba. Amma ƙwarya ba ta ɗaukar hannu har gwiwa, sai Inno ta shiga ɗaki ta fito da zunguru biyu, dogayen goran nan da mata ke zura hannu a ciki in sun yi ƙunshi. Aka cika su da nono. Na zo wucewa da la'asar na tarar da taubashina, dattijo mai furfura, zaune a zaure, hannu biyu cikin zunguru, ƙudaje sun yi masa rumfa.

"Amarya, yaushe za a kai ki?" na ce.

"Sosa mani hanci, Labaran, ka bar surutu."

Na sosa masa. Kafin magariba duk wanda ke da ƙafa a unguwar ya zo gaida amarya, wani har da goro. Rabo ko gezau, yana amsa gaisuwa yana ɗaga zunguru.

Ina nan zaune Hudu ya shigo cikin Ɗan Makaranta. Ya tsaya ya dubi ubansa, ya dubi zungurun, sai ya sunkuyar da kai ya wuce ciki. Wallahi na so in bi shi in mare shi. Daga baya na fahimci ba taurin zuciya ba ne kaɗai. Magana zarar bunu ce, yaron ya zare tasa gaban mutane, bai kuma san ta inda zai mayar ba. Sai ya ƙara ƙaimi wajen sake kaya, ranar ma sau biyar ya sake.

Nono bai yi komai ba, sai dai kyanwar gidan ta riƙa bin Rabo duk inda ya sa ƙafa.

A can karofi kuwa raminsa ya nuna, kumfa ta taso mai ƙyalli, irin wadda marini ke jira mako guda ya gani. Zannuwan mutanen Tamawa da Wurma sun taru a rumfarsa, don kaka ce, kowa na shirin biki. Na ce masa rami ba ya jiran mai shi, in ƙarfinsa ya wuce ya wuce. Ya ce in ci gaba da motsawa. Ni da nawa aikin, ni da motsa na wani, shi yana can yana jiƙa.

Ran kwana bakwai da hantsi sai ga Rabo ya nufo karofi, hannu biyu a sama, farare tas har gwiwa. Marina suka miƙe tsaye. Ni kaina sai da na ce ko dai wani malami ya yi aiki. Da ya matso na ga farin yana tsattsagewa a gaɓoɓin yatsu. Ashe gwangwanin allin da Hudu ke shafa wa farin takalminsa ya samu a bayan akwati, ya kwaɓa duka ya shafe.

"Ka gani?" ya ce. "Kai da ka ce ba ya yiwuwa."

"Na gani. Yanzu ka tahi ka yi alwala mu gani."

Bai yi tunanin wannan ba. Ya yi ta yawo da hannu a sama cikin kasuwa, ba ya gaisawa da kowa, ba ya bari a matso, har ladan ya kira azahar. Ya tsaya a ƙofar masallaci da buta ya daɗe yana kallonta. Rabo dai ba mai wasa da salla ba ne. Ya tsuguna ya zuba ruwa, farin ya bi ƙasa yana gangarawa, har liman da ya fito ya tambaya wa ya zubar da koko a hanyar mutane. Takalmin Hudu kuwa sai da farar ƙasa Inno ta shafe masa shi, don ba sauran alli ko na shafa ɗan yatsa.

Daren tafiya bai zo ba sai da hannun Rabo ya zama abin tausayi. Fata ta saɓule, tafin ya daddare, wani wuri ja wani wuri fari-fari, amma shuɗin na nan kwance a ƙarƙashi, ya ma fi fitowa. Ko dunƙulewa ba ya iyawa. Ya dube shi ya ce mini, "Ya ƙi, Labaran." Ban yi masa ba'a ba ranar.

Ran biki da sassafe muka hau motar Ɗanmusa, ni da Rabo da Inno da Hudu. Hudu ya sa Buhu, ya ce shi ne ya dace da bayan mota, ya zauna a kan akwatinsa ya rungume wani ƙunshi da hular ke ciki. Da hantsi muka sauka a Dutsin-Ma gidan Gogo Adama, yayar Rabo, wadda aure ya kai can tun muna samari. Gogo na ganin hannun ƙanenta ta saki salati. Ba ta tambayi dalili ba, Inno ta riga ta gaya mata da ido. Ta janyo ƙwaryar man shanu ta kama hannuwan ta lafta musu, ciki da baya, tsakanin yatsu, tana faɗa tana cewa wanda ya haifi namiji ɗaya ya haifi wahala.

Hudu ya shige ɗakin Gogo, ya kusa sa'a guda a ciki. Ba na son yabon yaron nan, amma da ya fito sai da tsakar gidan ta yi tsit. Fari fat daga wuya har ƙasa, shuɗin wuyan ya kwanta a kafaɗa, baƙin ƙyalle a ɗaure, igiya a rataye. Yana tafiya yana kauce wa kaji. Kansa ne kawai ba komai, hular na hannunsa.

Kowa a gidan ya san abin da ya rage. Rabo na tsaye can bakin zaure, hannu biyu a baya.

"Sa abinka," ya ce. "Allah shi yi maka albarka. Daga nan ma albarka tana isa."

Ya faɗa da murmushi, amma muryar ba ta kai ƙarshe da ƙarfinta ba. Hudu ya ɗaga hular a hankali. Inno na zaune a gindin turmi tana tsintar wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba, ta yi magana kamar hira take da Gogo.

"Yaya Adama, shekara talatin da shida ina tuƙa tuwon hwarar dawa, mutumen nan na ci da hannu. Ke kin taɓa ganin malmala ta yi shuɗi?"

"Ban taɓa ba," in ji Gogo.

"Ranar sunan wani ma cikin hwarin zane aka miƙa mashi shi. Ya daɗe riƙe da shi, har sai da aka ce ya kawo. Zanen na nan cikin adudu, hwari tas."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Hudu ya tsaya da hula a sama, bai kai ta kai ba, bai sauke ba. Shi ma ɗan karofi ne, ya san busasshen hannun marini ba ya ɓata komai, tun ranar tabarma ya sani.  Sai ya taka ya je gaban ubansa, ya durƙusa gwiwa biyu a kan jar ƙasar gidan Gogo, cikin wandon da ko kaza bai bari ta gitta kusa da shi ba. Ya miƙa hular da hannu biyu.

"Baba, ka sa mani."

"Wandonka, yaro."

"Ka sa mani, Baba."

Rabo ya fito da hannuwan daga baya. Ya kama hular da yatsu goma, ya riƙe ta gam, ya karanta abin da ubansa ya karanta masa, ya ɗora. Sa'an nan ya ɗan tura ta baya ya karkata ta gefe, yadda ake karya hula a Kurfi, ba yadda oda ta ce ba. Hudu bai gyara ba. Ni dai hawaye suka zo mini, ban kuma ɓoye ba.

Sai da yaron ya miƙe muka ga aikin. Shuɗi ko ɗigo babu. Amma duk gidan an manta da man shanun Gogo. Ga shatar yatsu goma reras kewaye da hular, manyan yatsu biyu a gaba, suna ƙyalli. Ga kuma jar ƙasa dunƙule biyu a gwiwoyin wando. Gogo ta kawo tsumma za ta goge, Hudu ya kauce ya ce a bari, lokaci ya yi.

Filin makaranta ya cika maƙil. Aka tsayar da Hudu a gindin sandar tuta, 'yan makaranta suka yi maci suka wuce, hedimasta ya yi jawabi, wani daga En'e ya yi nasa wanda ya fi na farko tsawo. Rana ta take, man shanu ya fara narkewa. Ƙudajen Dutsin-Ma suka ji labari. Da farko biyu ne, kafin a fara jan igiyar tuta sun kai garke, suna kewaya hular suna sauka suna tashi. Hudu ya ƙame, ya sara, kuma ashe a aikinsu in ka sara ba ka motsi ko kunama ce ta hau ka. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya yi zamansa har tuta ta kai ƙoli. Hedimasta ya juya ga yara ya ce su dubi abin da ake kira horo.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Malam, tambarin nan da ke hular tashi, na muƙami ne?"

"Na muƙami ne, Iya. Babba ma. Ba kowa ke samu ba."

Rabo na gefena bai ji mu ba. Ya harɗe hannuwansa a ƙirji, a fili, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa ɗansa ne, shi ya sa masa hular.

Kashegari, bayan mun komo Kurfi, na riga kowa zuwa karofi, na duba ramin Rabo. Yau ne ko gobe, in ba a tsoma ba ya tashi a banza. Shi kuwa hannunsa ba zai iya shiga ruwan toka ba ko nan da mako biyu, ya zo dai ya zauna a kan kututture, an naɗe masa hannuwan da tsumma, yana kallon tarin zannuwa. Ina cikin tunanin yadda zan raba kaina biyu sai ga Hudu ya ɓullo cikin Lebura.

"Yau kuma kayan mi aka busa?" na ce.

"Kayan aiki, Baba Labaran."

Ya naɗe hannun riga har dantse, ya ɗauki zane na farko ya warware, ya tsuguna a bakin ramin ubansa. Kafin wani ya ce uffan ya tsoma hannu biyu har gwiwa.

"Kai yaro," in ji Rabo, ya yunƙura zai tashi. "Jibi hwa za ka koma Ikko. Abin nan ba shi hita. Na gwada."

"Takardar oda ta faɗi launin riga da wando da safa da takalmi da hula," in ji Hudu, yana juya zanen a cikin ruwa. "Na haddace ta kaf. Ba ta ce komai a kan hannu ba."

Rabo ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannun ɗansa yana shiga yana fita, ruwan na barin kore-kore a fatar, iska na mai da shi shuɗi. Sai ya share ido da tsumman hannunsa ya gyara murya.

"To matse shi da kyau, ka buɗe ya sha iska kahin ka mayar. Ba haka na koya maka ba."